NCE, Digiri, PGDE ko CELTA: Wace Takarda Ta Dace da Mai Son Koyar da Turanci?

Duk wanda ya taɓa riƙe alli a firamaren gwamnati a Kano ko Gusau ko Azare ya san cewa yaron da ke gabansa sabon harshe yake koya daga tushe. A gida Hausa ake yi, ko Fulfulde, ko Kanuri. A makarantar allo da Islamiyya Larabci yake ji. Turanci sai ya shigo aji, amma da shi zai rubuta WAEC da NECO da JAMB, kuma in bai ci kiredit a cikinsa ba, ƙofar jami'a ta rufe masa. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a riƙa koyar da 'yan firamare da harshen uwa, sai ga shi a Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin, aka koma Turanci tun daga ajin farko. Ni dai ban ji daɗin wannan mataki ba, amma ko mun so ko mun ƙi, kayan sun ƙara nauyi a kan malamin Turanci.

To, mai son wannan aiki wace takarda zai nema? Hanyoyi huɗu ne a gabansa: NCE, takardar shaidar malanta daga kwalejin ilimi; digirin koyar da Turanci daga jami'a; PGDE, diflomar koyarwa ga wanda ya riga ya yi digiri; da kuma takardun koyar da Turanci na ƙasar waje irin su CELTA. Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne ɗaukar su duka abu guda. Uku na farko izinin shiga aji suke ba ka a Najeriya. Ta huɗu ba ta ba da wannan izini ko kaɗan, sai dai ta fi su koya maka yadda ake koyar da harshe. Wanda bai rarrabe wannan ba zai iya zuba kuɗinsa a inda ba zai fisshe shi ba.

Abin da za a auna da shi

Ma'auni na farko shi ne hukumar rajistar malamai, TRCN. An kafa ta da doka mai lamba 31 ta 1993, kuma ita ke da ikon cewa wane malami ne, wane ba malami ba ne. Tun 2017 rajistar ba ta samuwa da nuna kwali kawai, sai an zauna jarrabawar ƙwarewa a kwamfuta. Hukumar ta kasa malamai gida huɗu: rukunin D masu NCE, rukunin C masu digirin farko, rukunin B masu digiri na biyu, rukunin A masu digirin digirgir. A kowane rukuni dole a sami takardar fannin ilimi a ciki. Mai digirin Turanci zalla, ko da ya fita da sakamako mafi daraja, a idon TRCN bai zama malami ba tukuna. Bayan rajista akwai lasisi, shi kuma sabunta shi ake yi lokaci-lokaci, ba a karɓa sau ɗaya a jefa a akwati.

Sai kuɗi, wanda ya haɗa da kuɗin makaranta da na mota da na masauki da albashin da mutum zai rasa yana karatu. Sai tsawon lokaci da sauƙin samun gurbi. Sai ƙarko, wato iya inda takardar za ta kai ka nan da shekara goma ko ashirin. Wannan ya ƙara muhimmanci tunda dokar 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki, tafiyar ta yi tsawo ke nan. Sai haɗarin da ke tattare da kowace hanya. Na ƙarshe, wanda ni ya fi damuna: in ka gama, za ka iya sa yaron da bai taɓa jin Turanci a gidansu ba ya buɗe baki ya yi magana?

NCE

Shekara uku ake yi, ƙarƙashin kulawar hukumar kwalejojin ilimi ta ƙasa, NCCE, wadda aka kafa a 1989. Ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa a Najeriya tun da aka yi ban kwana da tsohuwar takardar malamai mai daraja ta biyu. Kusan kowace jiha a Arewa tana da kwaleji: Isa Kaita a Dutsin-Ma, Aminu Saleh a Azare, ta jihar Jigawa a Gumel, ta tarayya a Katsina da Yola, da sauransu. Ga wanda ke aiki ko yake da iyali, Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna tun 1976, tana ba da NCE ta karatu daga nesa, ana haɗuwa a cibiyoyinta a ƙarshen mako.

Ta fuskar kuɗi, babu wadda ta kai ta sauƙi a cikin huɗun. Kusancinta da gida ma rangwame ne babba, musamman ga matar aure ko budurwar da iyayenta ba za su bar ta ta yi nisa ba. Kuma a gaskiya firamarenmu malamai mata take nema ruwa a jallo.

Wani abu da NCE ta fi sauran da shi, wanda ba a cika yaba mata ba, shi ne haɗa darussa biyu. Kana iya yin Turanci zalla, ko ka haɗa shi da Hausa ko wani darasin. Shawarata ga Bahaushe ita ce ya dubi haɗin Turanci da Hausa da kyau kafin ya raina shi. Malamin da ya karanci tsarin sautin Hausa ya san dalilin da ya sa ɗalibinsa ke musanya p da f: a Hausa ba sautuka biyu ba ne masu bambanta ma'ana. Ya san v ba ta cikin harshenmu, shi ya sa take komawa b. Ya san gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, don haka yaro ke cusa wasali a tsakani, kamar yadda kakanninmu suka yi da suka ari kalmomi suka mayar da su burodi da direba. Ya san a Hausa kowane abu namiji ne ko mace, kujera ita ce, littafi shi ne, saboda haka yaro zai kai wannan jinsi cikin Turanci inda babu shi. Wanda ya san tushen ciwo ba ya dukan yaro a kan kuskure, gyara yake yi. Ga kuma gwajin koyarwa, wanda ɗalibai ke kira TP, zango guda cur a shekarar ƙarshe, a aji na gaske mai yara cunkus.

Iyakarta fa? NCE ta ilimin tushe ce, daga firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. A aikin gwamnati, a matakin albashi na 7 ake ɗaukar mai ita, kuma ba ya zuwa bautar ƙasa. Amma ba hanya ce mai toshewa ba: da sakamako mai kyau ana shiga jami'a kai tsaye aji biyu.

Haɗarinta yana bakin ƙofar shiga. Daga 2022 zuwa 2025, mafi ƙarancin makin JAMB na kwalejojin ilimi 100 ne cikin 400. Ma'ana da yawa ba son koyarwa ya kawo su ba, rashin samun jami'a ne, kuma wasu suna shiga da Turanci mai rauni su fita da shi yadda suka shiga. Ba mu manta da Kaduna a 2017 ba, lokacin da gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa a kan darussan aji huɗu, 21,780 suka kasa kai makin da aka gindaya, aka sallame su. An yi ta jayayya a kan adalcin jarrabawar, amma abin da ya faru ya nuna kwali kaɗai ba ya kare kujerar mutum.

Digirin koyar da Turanci

Shekara huɗu ne ta JAMB, uku ga mai NCE. Ana yin sa a tsangayar ilimi ta jami'o'i irin su Bayero a Kano, Ahmadu Bello a Zariya, Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da Jami'ar Maiduguri, haka nan a buɗaɗɗiyar jami'a, NOUN. Dokar 2023 ta kuma ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri da kansu tare da NCE, abin da zai rage wa mutane tafiya.

Kafin ka sa rai, duba sakamakonka na sakandare: ana neman kiredit a Adabin Turanci, ba Turanci kaɗai ba. Makarantu da yawa a Arewa ba su da malamin wannan darasi, sai yaro ya gama bai ma rubuta shi ba, ya zo cike fom ya tarar da katanga. In haka ta same ka, sake zama jarrabawar 'yan waje ta WAEC ko NECO ya fi sauƙi a kan canza buri.

Wannan ita ce takarda mafi ƙarko. Tana sa ka a rukunin C, a mataki na 8, ta buɗe maka babbar sakandare da makarantun tarayya da manyan makarantun kuɗi, sannan ita ce tsanin digiri na biyu ga mai son koyarwa a kwaleji ko jami'a. Wanda ya yi karatun cikakken lokaci kuma bai haura shekara 30 ba zai je bautar ƙasa; wanda ya yi na wucin gadi takardar keɓewa ake ba shi. Ko a ƙasar waje, abu na farko da ake tambaya digiri ne, sauran takardu ƙari ne a kansa.

Tsadarta ta fi ta NCE nesa ba kusa ba, musamman bayan ƙarin kuɗin da jami'o'in tarayya da dama suka yi a 2023. Asusun lamunin ɗalibai, NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, ya sassauta wa 'yan makarantun gwamnati, amma bashi ne da za a biya. Sai yajin aiki: na ASUU a 2022 wata takwas ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Mai lissafin shekara huɗu ya bar gurbin ta biyar a ransa.

Raunin da nake gani a digirin shi ne yawan adabi da nazarce-nazarce sun fi darasin dabarun koyarwa. Sai ka ga mutum ya iya fashin baƙin waƙoƙin Ingila na dauri amma bai san yadda zai koya wa ɗan shekara bakwai haɗa haruffa su zama kalma ba. Shi ya sa wanda ya bi ta NCE kafin digiri yakan fi takwaransa iya riƙe aji.

PGDE

Wannan gada ce ga wanda ya yi digiri ko HND a wani fanni, koyarwa ta same shi daga baya. Yawanci shekara guda ce ko da 'yan watanni, kuma jami'o'i da NTI da NOUN duk suna yi, galibi a ƙarshen mako, don haka ba sai ka ajiye aikinka ba. Da ita TRCN za ta yi maka rajista a rukunin C. Akwai 'yar'uwarta PDE, wata diflomar koyarwa, wadda ita ma hukumar ke karɓa. Idan aka duba kuɗin da lokacin, babu hanyar da ta fi ta saurin kai mai digiri ga lasisi.

Sai dai PGDE koyarwa take koyarwa, ba Turanci ba: halayyar yara, tsarin darasi, auna fahimta, tarihin ilimi. Mai digirin Turanci ko kimiyyar harshe ko aikin jarida, ita kaɗai ta rage masa ya yi. Mai digirin tattalin arziki kuwa, zai sami lasisi, amma bai zama malamin Turanci ba, ko da shugaban makaranta ya tura shi ajin don babu kowa. Gwajin koyarwarta ma 'yan makonni ne. Kuma a yi hattara da cibiyoyin bayan gida masu cewa suna da alaƙa da wata jami'a. Kafin ka biya ko sisi, je jami'ar da kanka ka tabbatar, ka kuma tambayi ofishin TRCN na jiharka ko suna karɓar takardar wurin.

CELTA da danginta

CELTA takarda ce ta Jami'ar Cambridge da ke Ingila ta koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne. Awa 120 ce, ana yin ta cikin mako huɗu zuwa biyar ga mai cikakken lokaci, ko 'yan watanni ga mai yi a hankali, ido da ido ko ta intanet. Ba a rubuta jarrabawar ƙarshe. Abin da ake yi shi ne ka koyar da ɗalibai na gaske na tsawon awa shida gaba ɗaya, malami yana zaune yana rubuta duk abin da ka yi, a zauna a feɗe darasin bayan an tashi. Sai ka kalli ƙwararru suna koyarwa, ka kuma rubuta ayyuka huɗu. Kafin a karɓe ka sai ka kai shekara 18, an yi maka gwaji da ganawa, an ga Turancinka ya yi ƙarfi sosai. Takardar ba ta da wa'adin ƙarewa. Takwararta ita ce CertTESOL ta Trinity da ke Landan.

Awa shida kamar ba yawa, amma bambancin yana wurin sa ido. A TP ɗin da yawancinmu muka sani, mai dubawa yakan leƙo sau ɗaya ko biyu ya sa hannu ya wuce. A nan kowane darasi sai an tambaye ka: minti nawa ka yi kana magana, minti nawa ɗalibai suka yi? Da ka ce "kun gane?" suka amsa da "e", ta yaya ka tabbatar sun gane? Wannan horo yana canza malami ƙwarai, kuma ina fata da kwalejojinmu za su ɗauki salonsa.

Matsalolinta uku ne. Ta farko kuɗi: a yawancin cibiyoyi ta haura dala 1,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun 2024. Ta biyu, ba ta cikin takardun da TRCN ke yin rajista da su, don haka SUBEB, hukumar ilimin tushe ta jiha, ko ma'aikatar ilimi ba za su ɗauke ka da ita kaɗai ba. Ta uku, an tsara ta ne domin manya a ƙaramin aji, ba yara tamanin a kan tabarma ba. Sai ka yi wa dabarun kwaskwarima da kanka.

Masu hangen ƙasar waje kuma su san cewa wani lokaci fasfo ya fi takarda magana. Koriya ta Kudu, misali, ta ware bizar malaman Turanci ga 'yan ƙasashe bakwai, kuma Afirka ta Kudu ce kaɗai daga nahiyarmu. Da Ingila ta buɗe wa malaman Najeriya neman lasisin koyarwarta a 2023, ta taƙaita shi ga lissafi da kimiyya da harsunan da ba Turanci ba. Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf sukan nemi digiri, sau da yawa har na biyu, kafin su dubi CELTA.

Ga wanda aljihunsa bai kai ba, Cambridge tana da jarrabawar TKT, wadda ake yi kashi-kashi, kowane kashi tambaya 80 cikin minti 80. Ba ta da gwajin koyarwa, amma karatun da za ka yi mata yana da amfani, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na CELTA ba. Su kuwa takardun koyar da Turanci masu arha da ake kira TEFL, da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp, waɗanda ake gamawa cikin kwana biyu ba tare da ka tsaya gaban ɗalibi ko ɗaya ba, babu wata hukuma guda da ke kula da wannan suna, kowa na iya buga shi a kwali. Ba na ba kowa shawarar ya dogara da su.

| Takarda | Tsawon lokaci | Kuɗi | Rajistar TRCN | Inda take kai ka | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| NCE | Shekara 3 | Mafi sauƙi | E, rukunin D | Firamare da ƙaramar sakandare | Fita da Turanci mai rauni |
| Digirin koyar da Turanci | Shekara 4, ko 3 ga mai NCE | Mai nauyi | E, rukunin C | Har babbar sakandare da gaba | Yajin aiki, ƙarancin aikin aji |
| PGDE | Kimanin shekara 1 | Matsakaici | E, rukunin C | Daidai da digirin da ka zo da shi | Cibiyar da ba a amince da ita ba |
| CELTA | Mako 4 zuwa 5 | Mafi tsada, da dala | A'a | Cibiyoyin harshe, intanet, wasu ƙasashe | Ba ta ba da aikin gwamnati |
| TKT | Gwargwadon shirinka | Da sauƙi | A'a | Ƙari a kan wata takarda | Babu gwajin koyarwa |

Wace ce taka?

In yanzu ka gama sakandare, gidanku ba mai ƙarfi ba ne, ko nisa zai zama matsala, ka yi NCE, ka haɗa Turanci da Hausa in akwai, ka dage ka fita da sakamakon da zai kai ka jami'a kai tsaye. Shekara shida ke nan zuwa digiri maimakon huɗu, amma daga ta uku kana da abin neman aiki a hannu.

In kana da kiredit a Adabin Turanci, makin JAMB ɗinka ya kai, akwai kuma mai ɗaukar nauyinka, tafi digiri kai tsaye. Amma tun kana aji biyu ka nemi wata firamare ko Islamiyya a unguwarku ka riƙa koyarwa lokacin hutu, ko kyauta ne, domin abin da jami'a ba za ta ba ka isasshe ba ke nan.

Malama mai NCE da ta yi shekaru a firamare, ga yara ga hidimar gida, digirin wucin gadi ko na NOUN ya fi dacewa da ke. Kada ki ajiye aikin gwamnati don karatu. Ki nemi izinin karatu a rubuce daga hukumarki tun kafin ki fara, don kada a ƙi lissafa miki kwalin lokacin ƙarin girma.

Mai digirin Turanci zalla da ke koyarwa a makarantar kuɗi ba rajista, PGDE ce taka, kuma bana ta fi baɗi. Tun ƙarshen 2019 gwamnati ta sa wa'adin fitar da marasa rajista daga aji. An yi sako-sako da aiwatarwa, amma guraben gwamnati da manyan makarantu suna ƙara neman lambar TRCN.

CELTA kuwa ta wanda ya riga ya mallaki digiri da lasisi ce, yake son koyar da manya, ko shirya masu rubuta IELTS, jarrabawar Turanci ta masu son fita waje, ko koyarwa ta intanet, ko buɗe cibiyarsa a gari irin Kano ko Kaduna inda 'yan kasuwa da matan aure ke biyan kuɗi su koyi Turanci. In ba ka kai nan ba tukuna, fara da TKT kashi ɗaya, ka gwada abin da ka karanta a ajinka na zango guda, sannan ka yanke shawara a kan dala dubun.